Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Sendai.
Ƙanƙara ta binne keken da na jingine a ƙofa.
Ni kaɗai a hawa na huɗu,
sai firiza mai gurnani kamar tsohon da barci ya ƙi.

Onodera suke kirana, mai auna ɗigo.
Shekara tara ina kiwon abin da ido ba ya gani.

Cikin kowace ƙwayar halitta akwai zare
naɗe tam a jikin furotin.
Inda aka liƙa alama, zaren yakan saki jiki
har a karanta abin da ke rubuce.
Sai ga enzayim, mai sharar da ba ya tambaya,
yana bi yana ɓamɓare alamomin,
zare ya ƙulle, rubutu ya yi gum.

Aikinmu mu toshe masa baki.

Farin gari ne a gindin kwalba,
bai kai ƙwayar gishiri uku ba.
Farfesa Hatakeyama ya zana mini siffarsa
a bayan rasiɗin shagon taliya:
kai, dogon wuya, da ƙugiya
mai zurawa cikin rami ta cafke zinki.
Ɗan hakin da ka raina.

Arba'in da shida sun riga shi.
Wasu sun ƙi narkewa,
wasu sun narke, kamar an shuka dusa.

Shi kuwa, shekaranjiya na ɗiga shi.
Yanzu, ƙarƙashin madubi,
ƙwayoyin daji masu haihuwa ba ji ba gani
sun tsaya cak, sun baje,
kamar mahaukacin da ya tuno sunansa.
Na tashi tsaye. Kujera ta faɗi.

Sannan na jawo faranti na biyu,
na lafiyayyun da ba su yi wa kowa laifi ba.
Su ma sun yamutse.

'Yan'uwa goma sha ɗaya ne, bakinsu iri ɗaya,
ƙugiyarmu ba ta san ɓarawo da mai gida ba.

Na rubuta duka biyun da alƙalami guda,
hannuna bai so ba.

Ran Lahadi yayata Fumie za ta tambaye ni
daga gadonta na asibiti, hular ulu a kanta:
"Kun samo?"
Zan ɓare mata lemo,
in ce mun koya masa kamu,
saura mu koya masa zaɓe.

Na ɗaga kujerar.
Na ɗauko sabuwar kwalba, na busa hannuna,
na rubuta: arba'in da takwas.