Injin Ya Ce Ba Shi Da Haƙori

Tun kafin rana ta haye rumfunan Na'ibawa
na kwantar da ƙyauren maɗaci a gadon inji,
na ɗaure shi kusurwa huɗu,
na yi bisimilla, na danna.
Sai allon ya yi ja:
ba a ga haƙori ba.

Ba a gani ba?
Ga shi nan a bakinka, ɗan nema!
Ni na saka maka shi da hannuna,
jiya jiya ya fara cin itace,
kuɗinsa ya cinye cefanen gidana na kwana uku.

Na kwance, na hure, na mayar,
na matse da sifana har tafina ya yi sawu.
Kan ya sauko a hankali
kamar mai shiga rijiya da tsohuwar igiya,
ya tsaya, ya yi shawara, ya koma sama.
Ja.

Tasi'u ya ce wuta ce ba ta cika ba.
Muka ta da janareto. Ja.
Mai shayin bakin layi ya leƙo
ya ce ko a yi masa tofi.
Na bi waya tun daga ƙeyar inji,
taƙi bayan taƙi, ina neman cizon ɓera;
kashinsa na samu, ban sami cizon ba.
Na goge ɗan farantin ƙarfen
da haƙori ke taɓawa kafin ya san kaurin katako,
na goge har ina ganin hancina a ciki.
Na kira mutumin Sharaɗa da ya sayar mini,
ya ce kashe ka kunna.
Katina ya ƙare a kan "ina zuwa".

Alhaji Mujittafa kuwa jibi zai tare,
gida babu ƙyaure ai kango ne mai fenti.
Sau uku waya na rawa a aljihuna,
sau uku ina yi kamar ƙarar aiki ta toshe mini kunne,
alhali shagon tsit, kamar gidan rasuwa.

Bayan azahar sai ga Baba.
Ba ya zuwa.
Tun ranar da aka sauke injin daga mota
ya ce shi bai san sassaƙar da ba ta da gumi ba.
Shekara arba'in yana fafe turmi da gizago,
yanzu yana ta rufe masa ido ɗaya da rabi.
Kuɗin magani ya zo karɓa.

Ya zauna kan buhun dussar katako,
ya saurari shirun.
"Me ya same shi?"
Na ce wai ba ya jin haƙorinsa.
"Ina bakin nasa?"
Na kashe wuta, na kama hannunsa na kai.

Babban yatsa ya shafa tsinin,
ya kai hanci.
"Ƙaro ne.
Itacen nan bai gama kuka ba kuka saye shi.
Kawo kananzir."

Ɗan abin da ya kankare da farce
bai kai ƙwayar gero ba.

Kan ya sauko. Ya taɓa. Ya yi ƙit.
Kore.

Haƙori ya shiga maɗaci, jar dussa ta tashi,
ganyen farko ya fara fitowa daga katako,
sannan reshe, sannan wani ganyen.
Tasi'u na tafi, Baba bai tanka ba,
ya karkata kai wajen ƙarar:
"Yana gaggawa a lanƙwasa. Ja masa linzami."
Na rage gudu. Kukan ya yi laushi.

Na ƙirga masa kuɗin maganin.
A bakin ƙofa ya juyo,
hularsa ta yi ja, bai kakkaɓe ba:
"Ƙyauren nan zai banƙare kafin damina.
Ka gaya wa mai shi."

Wayata ta sake rawa.
Na tsaya ina kallon sunan.