Mai Gadi da Littafin Haya

In an rufe Kantin Kwari, an ja ƙofofi an sa kwaɗo,
ni da tocila da benci da butar shayi muke ragewa.
Sai in zaro littafin da na karɓo wajen Mudi na Bata,
haya ce, kwana uku, in ya yage ni zan biya.

Na yaƙi nake fara ɗauka, masu takobi da zoben tsafi.
Gaskiya ina son su.
Mutumin da bai taɓa wuce Wudil ba,
ga shi a birnin da aka rataye a jikin gajimare,
ga tsuntsu mai kai bakwai yana ba shi shawara.
Kafin in ɗago kai an yi assalatu a Fagge,
sauro ya ci rabonsa ban ma sani ba.

Amma ina da ƙorafi, Mudi, ka gaya wa masu rubutun.
Jaruminsu ba ya jin yunwa.
Tafiyar wata tara ba guzuri, ba ko ƙanzo a aljihu,
takalminsa bai tsinke ba, bai aika wa uwarsa saƙo ba.
Dakaru dubu arba'in ya kashe kafin la'asar,
ba wanda ya tambayi wa zai haƙa kaburburan nan.
In marubuci ya shiga lungu ya rasa mafita,
sai zobe ya yi magana, sai bango ya tsage.
Haba! Ko a dara ba a yi wa mutum haka.
Ana tsakiyar sara kuma sai ka ga an rubuta:
mu haɗu a littafi na shida.
Kuɗin gorona ne ke tafiya, ba na sarkin aljanu ba.

Na ban tsoro sai dare ya raba nake buɗe su,
mai neman kuka ne ni, a jefe ni da kashin awaki.
Akwai wanda ya iya. Bai nuna mini komai ba:
wata mata ce kawai ke ƙirga 'ya'yanta a tabarma,
kullum biyar, ran nan shida,
kuma duk fuskokin ta san su.
Shafin nan ya hana ni zagaya layin 'yan atamfa,
na riƙe fitsari har gari ya waye.

Sauran fa? Jini kamar kwata a jajiberin salla.
Ƙoƙon kai, hanji, ido a cikin miya,
fatalwa mai farin mayafi da kofaton jaki,
ta fito a shafi na uku, ta fito a na tara, ta fito a sha biyu,
har muka saba, na kusa ce mata sannu da aiki.
Dodon da aka haske da fitila ya zama tsumma.
Kuma kowace tsohuwa mayya ce a wurinsu.
Ni kakata Tasallah ta raine ni, ba haƙori a bakinta,
ban ji daɗin wannan ba, ba kuwa zan ji ba.

Daren jiya ina tsakiyar wani, mai rijiya a tsakar ɗaki,
sai na ji motsi a shagon Alhaji Sagir.
Ƙwas. Shiru. Ƙwas.
Na tashi da gora, gwiwa na rawa,
ina karanto duk abin da na haddace,
na leƙa ta ƙasan ƙofa:
gafiya ce, tana jan ledar gurasa.
Na yi dariya, ita ko kallona ba ta yi ba.

Da na dawo benci iska ta juya mini shafi,
na rasa inda na tsaya.
Ban nema ba. Na zuba shayi har ya huce,
ina lissafin kuɗin haya, na gida ba na littafi ba.
Mai zuwa ran Talata ba shi da kofato, ba farin mayafi,
da sallamarsa zai zo, da rasit a hannu,
ni kuwa ba zoben da zai tsaga mini bango.

Gobe zan maido, Mudi. Ajiye mini na shidan.
Ina so in ga ko yaron nan zai tuna da uwarsa.