Jere na Uku

A Kuldiga, bayan gidan katako,
shamuwa sun bar sheƙa kan turken lantarki
tun makon jiya, ba sallama.
Satumba na bakin ƙofa da sanyin safe a hannunta.

Velta ta fito da rigar ulun mijinta,
hannuwan sun mata tsawo, ta naɗe sau biyu.
Daliya sun buɗe, kowace kamar faifai,
kai ya yi nauyi, sai da tokarar sanda.

Bara Arvids ya tone saiwoyinsu,
dunƙule-dunƙule kamar dankali,
ya binne a akwatin yashi,
ya ɗaura wa kowace takarda:
fari, rawaya, fari, fari.
Bai kai ga narkewar ƙanƙara ba.

Ita ta shuka, tana bin rubutunsa
yadda ake bin wasiyya.
Jere na uku, in ji takarda, fari ne tas.

Ga shi yau ja wur, garwashi a kan kara.

"Shekara arba'in da ɗaya," ta ce wa furen,
"ka ƙi yarda kana buƙatar tabarau."
Dariya ta zo ta hanyar da kuka ya saba bi.

Ilze na jira a bakin shinge,
gobe makaranta, kowa da furen malama.
Velta ta yanka mata farare bakwai,
jan ta bar shi.

Dare ɗaya na sanyi zai baƙanta lambun, ta sani.
Ta ɗauki takardar, ta kakkaɓe ƙasa.
Akwai fensir a aljihun rigar.
Ba ta gyara ba.