Tsamiyar da Ba a Sare Ba

Shekara talatin ina zuba kankare a Kano,
har hannuna ya manta laushin jar ƙasa.
Ni na rushe soron mahaifina a Gwammaja,
na jera bulo, na buga kwano, na ce mun waye.
Bazarar farko, a ƙofar gida muka kwana.

Sai ga Injiniya Kubura, sa'ar autata,
da takarda a naɗe, ta same ni a Ɗanbare.
Ta ce, "Baba Tanimu, ka iya kwaɓa makuba?"
Na zaci zolaya ce. Ba ta yi dariya ba.

Gida arba'in, in ji ta,
bango mai kauri, da ƙasar wurin za a yi shi.
Taga ta dubi taga, iska ta ratsa ba sallama.
Kada indararo ya yi ɓarna a titi,
a kai shi tanki, ruwan Agusta ya jira Maris.
Ruwan alwala ma ta yi masa hanya
zuwa gindin zogale.

Akwai tsamiya a tsakiyar filin.
Alhaji Barau, mai kuɗin aikin, ya ga asarar fuloti,
ya aiko masu zarto ranar Talata.
Kubura ta ja kujera ta zauna a inuwarta,
ta buɗe takarda, ta karkatar da titi.
Shi ya sa layin nan ya yi gwiwa, in ka lura.
Sun yi wata ba sa gaisawa.

Kududdufin gabas ma ta hana a cike.
Ta ce ruwa ba ya manta gidansa,
in ka ƙwace, cikin dare zai zo karɓa.

Ba komai na yarda da shi ba.
Sola da tsada, kuma ban ga leburan da zai iya hayar nan ba.
Na faɗa mata. Ta yi jim, ta ce, "Gaskiya ne."

Amma jiya da azahar, rana na ƙuna,
na koma gida na sha bakwai ɗauko cokalin gini.
Ba fanka, ba kukan janareta.
Wani sanyi ya tarbe ni, irin na gindin randa.
Na jingina da bango, na shinshina,
sai na ji kamar Baba yana gyaran murya a zaure,
zai tambaye ni inda na kai soronsa.