Tukunyar Barsu

Albasa ce ke ci da ni a Ikko.
Shekara goma sha tara ina sauke buhunanta
a kasuwar Mil Sha Biyu,
ita ke biyan hayar ɗakina a Ketu,
ita ta yi wa Talatu kayan ɗaki.
Sai ga wata likita 'yar firit mai tabarau,
Dokta Aderibigbe,
ta ɗaga mini yatsa:
"Baba, ko ɓawonta kada ya lasa.
Jininsa take ci."

Na dubi Barsu a kan teburin ƙarfe,
haƙarƙari a waje kamar tsohon kwando.
Wata bakwai ina juye masa ragowar miyata,
ashe ni ne ciwon.

Na ce, gishiri fa? Ta girgiza kai.
Attaruhu? Ta yi dariya.
Ɗan dunƙule ko rabi? Ta rufe ido.
Na ce, Likita, wannan ai horo ne, ba girki ba.

A ƙarƙashin tirelar Aliero na tsince shi,
daminar da kwata ta yi amai har cikin rumfuna.
Bai fi tafin hannuna biyu ba,
yana rawar sanyi, ba ya ko kuka.

Yanzu in na sallame sallar asuba
nakan wanke hannu sau uku da sabulu
don kada warin sana'ata ya bi ni.
Tukunyarsa daban, mai kunne ɗaya,
Kande ta ɗaura mata jan zare
kada ta ɓata cikin namu.
Tumbi daga mayankar Oko-Oba,
Ɗan'asabe ke ajiye mini a leda.
Hanta kaɗan, kamar kan ɗan yatsa,
an ce yawanta ma illa ne.
Kabewa, dankalin Hausa,
karas ɗin da ya karye a buhu, Lado ba ya karɓar kuɗinsa,
tsakin shinkafa gwangwani guda.
Ranar Laraba da Asabar akwai ƙwai,
ɓawon in daka shi luƙui in barbaɗa.
Ƙashin kaza dafaffe kuwa, ko kusa,
tsagewa yake kamar allura.

Sai in bari ya huce a bakin taga
yayin da danfo ke ta zage-zage a titin Ikorodu.
Shi kuwa yana zaune, wutsiya na share siminti,
ido a kan murfi
kamar mai bin bashi mai ladabi.

Malam Nadabo ya leƙo ta katanga:
"Mutane na kwana da yunwa a garin nan,
kai kana ɗora wa kare sanwa."
Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.
Amma wa ke kwana a bakin sito cikin sauro
don ni in miƙe ƙafa?
Wa ya yi haushi daren da wayar wuta ta kama
tun hayaƙi bai kai rufi ba?
Mai gadi ne, ba ya karɓar naira.
Ba ya shiga ɗakina, ba ya taka buzuna,
amma haƙƙinsa na wuyana.

Sai na kira sunansa kawai,
sunan ya ba da amsa.

Jiya a asibitin Gbagada aka ɗaura mini abin awo a damtse.
Jini ya hau. A rage gishiri, a bar dunƙule.
Kande ta riƙe ciki don dariya:
"To, ai sai in kwance jan zaren."

Da safe na ɗanɗana kabewarsa kafin in zuba.
Lami.
Can ƙasa-ƙasa sai wani ɗan zaƙi
da ban taɓa sanin kabewa na da shi ba.

Gashinsa ya kwanta, yana sheƙi kamar gawayi a ruwa.
Ya lashe kwanon, yana tura shi da hanci,
ƙarar na tafiya a kan siminti
har ƙofar Malam Nadabo.