Kunnen Doki

Shekara talatin ina raba wasiƙu a gidan wayar Damagaram.
Na san mai bin bashi, na san mai jiran kuɗin ɗansa daga Libiya.
Amma akwati mai lamba tara nawa ne, ni Tsahiru,
abin da ke faɗa masa kuwa kati ne daga ƙasar Holan.

Sibran sunansa, dogo, sai ya sunkuya yake shiga zaure.
Ya zo ganin ƙanwarsa mai aikin rijiyoyi a Mirriya,
zazzaɓi ya riƙe shi mako biyu a Zango.
Ran da ya miƙe ya shimfiɗa allo mai gida sittin da huɗu,
ya ce, wa zai zauna?
Ni da na saba da darar ƙasa, gurbi da tsinke da tsakuwa,
na zauna.
Ya cinye ni kafin shayi ya tafasa.
Daga baya na ji wai a garinsu
kuɗi ake biya a kalle shi yana shiru.

Da zai tafi ya bar mini allon, doki ɗaya ya ɓace,
wani baduku a Birni ya ɗinka mini madadinsa da jar fata.
Muka ƙulla: kati ɗaya, taku ɗaya.

Na fari, ya tura soja gida biyu, ya rubuta a ƙasa:
Gasar bakin teku, mu goma sha huɗu, na zo na uku.
Na huɗu ya iso ran da famfon unguwarmu ya ƙafe,
Cima na layin ’yan garuwa tun asuba.
Ya ce, na ɗauki kofi, ban faɗi ko sau ɗaya ba.
Na yi ta nuna wa masu sayen kan sarki
kamar ni na ci.

Shekaru suka yi ta shigowa ta ramin akwati.
Na biyu. Na biyar. Na biyu kuma, da rabin maki.
Wani otal mai sanyi, wani jirgin ƙasa da ya makara,
wata giwa da ya sadaukar, jaridu suka yaba.
Ni ina nan, wata guda ina juya taku ɗaya
a inuwar duwatsun bayan Birni,
awaki na kallona.

Sai rubutun ya fara karkata.
Yaro ɗan sha biyar ya kayar da ni yana tauna alewa.
Agogo ya cinye ni, alhali ina da nasara a hannu.
Na goma sha ɗaya. Na ƙarshe.
Bana ba su gayyace ni ba.

A shekara ta goma sha uku katin ba taku a kansa,
layi ɗaya ne: Ka yarda mu tashi kunnen doki?

Na ƙi.
Ba don na hango ci ba.
In na yarda, me zai sake faɗawa akwati na tara?
Na ɗaga jan dokina na tsallaka, na liƙa kan sarki, na aika.

Damina bakwai ke nan.

Jiya jikana Nomau ya yaye zanen da na rufe allon,
ya ɗauki hotonsa, ya tambayi wayarsa.
Ya ce, Kaka, tun shekara ta uku aka gama da kai,
taku huɗu ya rage masa, ya yi ta kewaye.

Na ce, mai da zanen.
Kada ka taɓa dokin nan,
ba ni ke da taku ba.