Minti Biyu a Garken Ercilia

Mu goma sha tara muka bar La Serena da asuba,
teku na bayanmu yana tari cikin hazo.
Baldomero ya ƙirga mu sau uku a bakin mota,
ya ƙirga akwatunan madubinsa sau biyar.
Shekara shida ke nan yana lissafin wannan rana.

Akwai malamai biyu 'yan fansho da ba sa ga maciji,
akwai mai gyaran agogo da jikarsa Maite,
akwai ni, da tabarau biyu na kwali a jaka,
ɗaya nawa, ɗaya na Anselmo
wanda ya biya kuɗin kujerarsa tun bara,
sai ƙasa ta riga direba kiran sunansa.
Kujerar na nan gefena, ba wanda ya zauna.

Kwarin Elqui ya buɗe kamar tafin hannu,
kurangar inabi tsirara saboda sanyi,
motoci sun yi jerin gwano har gindin dutse.
Direba ya ce ya san wata 'yar hanya.
'Yar hanyar ta ƙare da hayaƙi a bakin inji,
tafiyar awa guda kafin tudun da muka nufa.
Baldomero ya dafe kai, ya kasa magana.

Sai ga tsohuwa da sanda da kare mai ido ɗaya,
Ercilia, mai awaki saba'in da cuku a rataye.
Ta ce me muka zo nema. Muka nuna sama.
Ta ce, "Wannan? Ai ta nan ma take wucewa kullum.
Ku shigo, amma kar ku tattake mini gona."

Muka kafa ƙafafun madubi cikin kashin awaki.
Can da la'asar wani abu ya gutsuri gefen rana
kamar ɓera ya sami cuku.
Maite ta ɗaga rariyar tsohuwa,
ƙasa ta cika da jinjirin wata fiye da ɗari.
Na zaro tabaran Anselmo na miƙa wa Ercilia.
Ta ce, "Mai shi fa?"
Na ce bai samu zuwa ba.
Ba ta ƙara tambaya ba, ba ta nemi suna.

Haske ya koma launin tsohon kwano.
Sanyi ya shigo ta wuyan riga.
Awaki suka jeru, ba mai kora,
suka shige garke ɗaya bayan ɗaya.
Sai inuwa ta taso daga wajen teku a guje,
ta haɗiye duwatsu, ta haɗiye motarmu,
ta haɗiye mu.
"Ku cire tabarau!" in ji wani. Muka cire.
Rijiya ce baƙa a tsakiyar sama,
furfura ta kewaye bakinta tana ƙuna.

Ban san wa ya fara kuka ba.
Malaman nan biyu na gan su hannu cikin hannu.
Baldomero, mai lissafin shekara shida,
bai taɓa kyamararsa ba, baki buɗe kamar yaro.
Ni kuwa na juya in ce, "Ka gani?"
sai kafaɗar tsohuwa na tarar, mai warin hayaƙi da madara.
Na dafa ta. Ta bar ni na jingina.

Mai agogo ya ce minti biyu ne da 'yan kai.
Ban yarda da agogonsa ba har yau.

Da haske ya ɓullo ta gefe kamar ƙwayar zobe,
Ercilia ta soke tabaran cikin zaninta,
ta ɗauki sanda ta nufi garke.
"Bari in ba su haƙuri," ta ce, "an yi musu ƙaryar kwana."

Tsakar dare aka gyara motar.
Ba mu da hoto ko ɗaya.
A kujerar Anselmo na ajiye cukun da ta ba ni,
duk ramin da muka faɗa sai in kai hannu in tare shi,
har fitilun gari suka fara nuna.